An yi taro talatin kan sauyin yanayi, to ina aka dosa?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai masana a cikinmu. Tun 1995 ake zaman taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira COP, na talatin shi ne wanda aka yi a Belem ta ƙasar Burazil a Nuwamban 2025. A Faris, a 2015, aka ɗauki alkawarin riƙe ƙarin ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2 a kan zafin kafin zamanin masana'antu, kuma a yi ƙoƙarin tsayawa a 1.5. Sai ga 2024 ta zo ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ita ce ma ta farko da ta haura 1.5 ɗin. Amurka ta fita daga yarjejeniyar, ta dawo, ta sake fita. Amma a daidai wannan tsakanin ne farantan sola suka yi arahar da ko a mafarki ba a zata ba. To nan da shekara ashirin, wa zai yanke wa mai da kwal hukunci? 'Yan siyasa ne, ko kasuwa, ko kuwa haka za a ci gaba da tafiya har masifa ta yanke mana?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam. Malam, ni a wurina an riga an yanke hukuncin, labarin ne bai gama zagawa ba. Daga 2010 zuwa 2020 kuɗin samar da wuta da hasken rana ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100, batirin litiyom ma kusan haka. Yau a yawancin duniya, idan sabuwar tashar wuta za ka gina, sola ko iska sun fi kwal sauƙi. Kuma ba taro ne ya kawo wannan ba. Jamus ce ta fara zuba tallafi a farkon shekarun 2000, Sin ta ga kasuwa ta buɗe masana'antu, yanzu sama da kashi 80 na farantan duniya daga can suke fitowa. A 2024 kaɗai Sin ta kafa sola da ta haura gigawat 270, fiye da duk abin da Amurka ta kafa a tarihinta.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Pakistan. Ba gwamnati ce ta tsara ba. Wuta ta yi tsada, faranti ya yi araha, kawai masu gidaje da manoma da masu masana'antu suka dinga sayowa, har ƙasar ta shiga sahun gaba a masu shigo da faranti daga Sin a 2024. Ko ɗaya daga cikinsu bai yi don ya ceci duniya ba, aljihunsa ya duba.

Hajiya_Uwani:
Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma ka faɗi rabin lissafi ka ɓoye rabi. A wannan 2024 ɗin da kake yabo, kwal ɗin da duniya ta ƙona ya haura tan biliyan 8, ba a taɓa ƙona kamarsa ba kafin nan. Sin ɗin da kake kirari ita ke ƙona fiye da rabinsa. Mai kuma har yanzu ganga sama da miliyan 100 ake sha kullum. Kwal da mai da gas su ke ba da wajen kashi 80 na makamashin duniya, kusan yadda suke tun ina makaranta.

Ka duba tarihi mana. Da kwal ya zo, an daina ƙona itace? Da mai ya zo, an bar kwal? Ɗan Adam bai cika sauya makamashi ba, ƙari yake yi, ya ɗora sabo a kan tsoho. Sararin sama kuwa ba ruwansa da farantai nawa ka kafa, hayaƙin da ya hau kawai yake ƙirgawa. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon tana wajen 280 a cikin miliyan, yau ta wuce 420, kuma ba ta tsaya ba.

Injiniya_Bala:
Hajiya, ban musa ba. Amma sai abu ya daina hawa sannan yake gangarowa. Birtaniya, inda aka fara ƙona kwal don wutar lantarki a 1882, ta rufe tasharta ta ƙarshe a Satumban 2024. Ke nan ana iya bari.

Hajiya_Uwani:
Ta rufe tashar, ta koma sayen kayan da aka ƙera da kwal a wata ƙasa. Hayaƙin ƙaura ya yi, bai mutu ba.

Ɗan_Baba99:
Ku yi haƙuri manya, ni duk wannan magana yaudara ce. Wa ya shugabanci taron Dubai a 2023? Sultan al-Jaber, shugaban kamfanin man Abu Dabi. Shekara ta zagayo aka je Baku, shugaban Azabaijan ya tsaya gaban kowa ya ce mai da gas kyauta ce daga Allah. An ba kura ajiyar nama. Sannan ku tuna 2022. Rasha ta shiga Yukren, gas ya yanke wa Turai, nan take Jamus ta tayar da tsofaffin tashoshin kwal, suka bazama duniya neman gas da jakar kuɗi. Su ne fa jiya suke cewa bankuna su daina ba ƙasashe matalauta bashin haƙo gas. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 na hayaƙin duniya, mutum wajen miliyan 600 ba su da lantarki, amma ita ake wa wa'azi. Sun hau sun janye tsani.

Malam_Garba:
Ɗana, munafuncin da ka lissafa gaskiya ne, ban cire ko ɗaya ba. Amma ka raba abu biyu. Ƙaryar ɗan siyasa daban, zafin da ke ƙaruwa daban. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe sama da 1,700, kuma ba ta tambayi wa ke da laifi ba. Wanda bai ci nanin ba shi nanin ta fi ci.

Game da Dubai kuma, abin mamaki, a wannan taron da ɗan mai ya jagoranta ne aka fara rubuta batun juya baya ga man fetur da kwal da gas a takardar ƙarshe. Kusan shekara talatin ana taro ba a iya ambatar sunan ciwon ba. A Gilasgo a 2021 ma kwal kaɗai aka taɓa, shi ma a mintin ƙarshe Indiya da Sin suka sa aka sauya "dainawa" zuwa "ragewa".

Ɗan_Baba99:
To Baba, da aka rubuta ɗin, rijiya nawa aka rufe?

Malam_Garba:
Ka yi tambaya mai kyau, kuma ba ni da amsar da za ta faranta maka.

Ummi_K:
Don Allah bari ƙaramarku ta sa baki. Ina ga akwai abin da Yaya Injiniya ya tsallake, wato kuɗin ruwa. Tashar gas kana gina ta da sauƙi, sai ka yi ta sayen gas shekara da shekaru. Sola kuwa kusan duk kuɗin a ranar farko ake zuba shi, bayan nan rana kyauta ce. Ke nan tsadar sola tsadar bashi ce. Wanda zai ci bashi a Jamus da wanda zai ci a ƙasar da ake wa kallon mai haɗari ba ɗaya ba ne, na biyun yakan biya ruwa ninki biyu ko uku. Shi ya sa ƙasashen da suka fi kowa rana su ne suka fi ƙarancin faranti.

Kuma nan ne siyasa take shigowa. A Kofenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ba su cika ba sai 2022, kuma mafi yawa rance ne, ba kyauta ba. A Baku aka ce biliyan 300 kafin 2035, alhali ƙasashe masu tasowa sun nemi sama da tiriliyan ɗaya. Wakiliyar Indiya a cikin zauren ta yi fatali da adadin.

Injiniya_Bala:
Ƙanwata, kin kama ni a nan. Wannan ita ce babbar matsala, na yarda. Sai dai ki lura, farashin faranti yana ta faɗuwa har ya fara cinye tsadar bashin. Pakistan ɗin ai ba ta da bashi mai sauƙi.

Ummi_K:
Haka ne Yaya, amma ka ƙarasa labarin. Masu hali ne suka sa faranti suka rage sayen wutar gwamnati. Bashin tsofaffin tashoshin yana nan, dole a biya, sai ya koma kan waɗanda ba su da kuɗin faranti. Mai kuɗi ya tsira, talaka ya gaji bashi. Idan kasuwa kaɗai aka bari, irin wannan sauyin za a samu a ko'ina.

Hajiya_Uwani:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Bari in ɗora da batun kamfanonin mai, tunda Mai_Nazari ya tambayi makomar masana'antar. A 2020, lokacin da korona ta karya farashi, BP ya ce zai rage haƙar mai da gas da kashi 40 kafin 2030. Aka yi ta tafi. Da farashi ya tashi bayan yaƙin Yukren, ya mayar da shi kashi 25 a 2023. A Fabrairun 2025 ya jefar da zancen gaba ɗaya, ya ce ya koma mai. Me ya sa? Masu hannun jari sun duba sun ga Exxon da Chevron da ba su yi irin wannan alkawari ba sun fi shi riba. Ribar rijiyar mai ta fi ta gonar sola nesa ba kusa ba. Duk mai jiran kamfanin mai ya kashe kansa da kansa zai daɗe a zaune.

Kuma manyan 'yan wasan ma ba su ba ne. Kamfanonin gwamnatoci, irin su Aramco na Saudiyya, su ke riƙe da mafi yawan man da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma da shi ake biyan albashi da gina hanya. Wane shugaba ne zai ce wa jama'arsa ya rufe famfon da suke sha?

Injiniya_Bala:
Ba wanda zai rufe famfo, Hajiya, masu saye ne za su ragu. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17, wato ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A Sin kusan rabi ne. A Norwe kusan tara cikin goma. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta taɓa hasashen buƙatar mai za ta kai ƙololuwa kafin 2030, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, OPEC, ta ce sam, za ta yi ta hawa har 2050. Ni ban damu da wace shekara ba. Abin da na sani, kasuwar mai ba ta buƙatar a daina saye gaba ɗaya kafin ta girgiza. Rarar ganga miliyan biyu ko uku a rana ta isa ta karya farashi, an gani a 2014. Ranar da buƙata ta fara sauka, wanda ke haƙo ganga da araha, irin Saudiyya, shi zai saura a kasuwa. Masu haƙa mai tsada, ga yawan jama'a, ga bashi, ga ba asusun ajiya irin na Norwe, su za su fara jin jiki. Shaihu Yamani, tsohon ministan man Saudiyya, shi ya ce zamanin dutse bai ƙare don duwatsu sun ƙare ba.

Hajiya_Uwani:
Idan farashi ya karye, mai ya yi araha, sai wanda da ba ya iya saye ya fara saye. Kana korar shi ta ƙofa yana shigowa ta taga. Sannan lantarki kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na makamashin da ake amfani da shi. Ina siminti? Ina ƙarfe? Ina taki, jirgin sama, jirgin ruwa? Waɗannan ba faranti ke magance su ba.

Mai_Nazari:
Ina jin daɗin muhawarar nan. Amma kun fi karkata ga kasuwa. Siyasar fa? Ni abin da nake gani, zamanin a haɗu a zaure ɗaya a yi alkawari yana shuɗewa.

Malam_Garba:
Shi ne abin da nake son faɗa. Siyasar yanayi ba ta mutu ba, riga ta sauya. Da ana magana ne a kan wa zai ɗauki nauyi, yanzu a kan wa zai mallaki masana'anta. Dokar da Biden ya sa wa hannu a 2022, mai ɗauke da ɗaruruwan biliyoyin dala na tallafi ga makamashi mai tsafta, rabinta gasa ce da Sin. Trump ya dawo a 2025 ya zabtare yawancinta, ya ce a haƙo mai, don Amurka ce ta fi kowa haƙo mai da fitar da gas a jirgin ruwa. Sin kuwa ba ta da isasshen mai, shigo da shi take ta teku, ta hanyoyin da abokin gaba zai iya tarewa. Duk motar lantarki da ta hau titi a can ganga ce da ba sai an shigo da ita ba. Tsaro ne, ba tausayin duniya ba.

Turai kuma ta kafa shinge. Daga 2026 duk mai kai mata ƙarfe, siminti, alminiyam ko taki zai biya haraji gwargwadon hayaƙin da aka fitar wajen ƙera su. Indiya da Afirka ta Kudu da Burazil suna cewa wannan kariyar kasuwa ce aka sa wa koren rawani. Don haka ni duniyar da nake hangowa ta ɓangarori ce: masu sayar da mai da gas gefe guda, mai sayar da faranti da batir gefe guda, sauran ƙasashe a tsakiya kowa na zawarcinsu.

Kada kuma a manta da mai jefa ƙuri'a. A Faransa a 2018 ƙarin harajin mai ne ya fito da masu rigar ɗorawa kan titi har gwamnati ta janye. Kanada ta soke harajin kabon na masu saye a 2025. Mutane suna son a gyara yanayi, amma ba sa son su ga kuɗin a rasit.

Ɗan_Baba99:
Zawarci ko sabon mulkin mallaka? Wajen kashi 70 na kobal ɗin duniya daga Kwango yake fitowa, a kai shi Sin a tace, a yi batir, a sayar wa duniya. Me ɗan Kwango ya samu ban da rami? Jiya roba da tagulla, yau kobal. Wasu a nan dai an ba su karatun Turawa sun haddace suna maimaita mana.

Admin:
Ɗan_Baba, a riƙa tauna magana. Hujja ake kawowa a nan, ba gugar zana ba. Akwai sa'o'in iyayenka a ciki.

Ɗan_Baba99:
Na tuba. Baba Garba, Hajiya, ku yafe ni, zafin abin ne.

Malam_Garba:
Ba komai ɗana, zafin naka yana da dalili. Amma ga abin dubawa. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, ta ce duk mai so ya zo ya tace a gida. Tarayyar Turai ta kai ta ƙara Hukumar Ciniki ta Duniya, ta ma yi nasara a zagayen farko, Indunusiya ba ta janye ba, kuma jari ya kwararo. Sai dai da kwal ake kunna yawancin matatun, an kuma sare daji mai yawa. Ka ga ko wanda ya yi wayo bai fita da hannu fari ba. Amma ya nuna cewa mai ma'adini yana da bakin magana idan ya san darajar abin da ke hannunsa.

Ummi_K:
Akwai kuma kotu. Wata kotun Holan ta umarci Shell a 2021 ya rage hayaƙi da kashi 45, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2024. Amma a Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Heg ta ba da fatawa, bisa yunƙurin da ƙaramar ƙasar Banuwatu ta jagoranta, cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe a dokar duniya. Ba ta da 'yan sandan tilastawa, amma lauyoyi za su yi shekaru suna kafa hujja da ita.

Injiniya_Bala:
Ni kamfanonin inshora sun fi ba ni tsoro a kan alƙalai. A 2023 State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a Kalifoniya, gobarar daji na cikin dalilansa. Gidan da ba inshora banki ba ya ba da bashi a kansa. Wannan ba ya jiran zaɓe.

Abu ɗaya da zai iya ɓata mini lissafi shi ne cibiyoyin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira. Suna shan wuta dare da rana, har Microsoft ya ƙulla ciniki a 2024 don a farfaɗo da wani sashe na tashar nukiliyar Three Mile Island. A Amurka gas ne zai ɗauki kaso mai yawa na wannan ƙishirwa, wannan kam na sani.

Malam_Garba:
To bari tsoho ya faɗi abin da ke hana shi barci. A ce Injiniya ya yi gaskiya, sauyin yana zuwa. A ce Hajiya ma ta yi gaskiya, yana zuwa a makare. Ku haɗa biyun: hayaƙi ya fara sauka, amma zafi ya riga ya kai inda wasu ƙasashe ba sa iya jurewa. A 1991 dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a Filifin, ƙurarsa ta sanyaya duniya da wajen rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Masana sun san ana iya kwaikwayon haka, a fesa sinadari can sama ya tare wani ɓangare na hasken rana, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin babbar ƙasa guda ba. Ranar da zafi ya kashe dubban ɗaruruwa a mako guda a wata ƙasa mai ƙarfin soja, wa zai hana ta? Idan kuma damina ta lalace a maƙwabciyarta, ta ce feshin ne ya jawo, wace kotu za ta raba su? Mun kasa daidaitawa a kan rage hayaƙi, ina ga a kan wa zai riƙe makunnin zafin duniya.

Ɗan_Baba99:
Kai Baba, wannan ai ya fi wanda na zo da shi muni.

Hajiya_Uwani:
Injiniya, tunda kai ne mai tabbaci, mu ajiye magana a gaban shaidu. Ni na ce a 2030 kwal ɗin da duniya za ta ƙona ba zai yi ƙasa da tan biliyan 8 ba.

Injiniya_Bala:
Na karɓa, Hajiya. Ni kuma na ce zai yi ƙasa, kuma rabin sababbin motocin duniya za su zama na lantarki. Amma a yi da alƙaluman IEA, kada ranar ki ce na OPEC kike so.

Hajiya_Uwani:
OPEC ba ta sayar da kwal, ɗana. Motocin kuma ban sa su a ciki ba, kada ka shigo da su ta bayan gida. Kwal kawai. Wanda ya faɗi ya rubuto a nan cewa ya faɗi, da manyan baƙaƙe.

Ummi_K:
Na ɗauki hoton allo na adana. Admin, don Allah a maƙala shi a sama kada wani ya goge.